Littafin Lissafi a Garken Kawu Miko

Na dawo Mai Wurno daga Sinnar
da littafi mai layi-layi da biro a aljihu,
na tsuguna bakin garke ina ƙidaya.
Tumaki goma sha tara, awaki shida,
da jaki ɗaya da ba ya shiga lissafin kowa.

Na rubuta: ruwa, jarka kaza.
Dusa, buhu kaza.
Allurar likita, la'adar dillali, harajin kasuwa,
da tarar da aka ci mu bara
ranar da bunsuru ya leƙa gonar riɗi.
Na ja layi a ƙasa.
Abin da ya saura bai kai kuɗin shayin wata ba.

Kawu, na ce, mu sayar.
Mu sayi raksha, in riƙa jigila zuwa tasha.
Ƙarfe ba ya zawo, ba ya kukan harawa.

Bai ɗago ba.
Ya buɗe bakin tunkiya da babban yatsa
yana karanta haƙora kamar mai bitar allo.
Ya ce: wannan ta fid da huɗu,
da sauran haihuwa biyar a cikinta.
Waccan mai baƙin kunne tagwaye take zubarwa,
haka uwarta, haka kakarta
da na karɓo a Dindir a bakin bashin dawa.
Nuna mini layin da ka sa wannan.

Ba ni da layin.

Ya ce: ka tuna Dafa'allah na bayan masallaci?
Ya sallama garke kaf, ya cusa fam a matashi.
Damina biyu, kuɗin suka narke kamar kanwa a ruwa.
Abin da ya sayi rago jiya
yau ba ya sayen igiyarsa.
Kuɗi a matashi ramewa suke.
Tunkiya ko barci take, cikinta na girma.

Amma ni ma da tawa a baki.
Kawu, ina burtalin da ka bi da ƙuruciya?
Tarakta ta haɗiye shi, ko ƙashi ba ta tofar ba.
Ina gawon nan uku na bakin kogi
da kake kaɗo wa 'ya'ya in bazara ta matsa?
Suna cikin buhunan gawayi a hanyar Madani.
Me sanin hanya zai yi maka
bayan an shuke hanyar?

Ya yi shiru har aka kira la'asar.
Wata akuya ta zo tana taunar gefen littafina,
babu wanda ya kore ta.

Da kaka muka sayi kara tun yana arha,
wannan dabarar biro ce.
Muka jibge shi kan rumfa, ya barbaɗa gishiri tsakani,
wannan tasa ce.
Ya jiƙa saiwar da ya ƙi faɗa mini sunanta,
ya ɗura wa masu tsutsar ciki.
Na sayi allura ɗaya tak, ta ciwon da saiwa ba ta ji.
Raguna uku muka ware wa masu lodin Sawakin.
Ni na san ranar da farashi ke tashi,
shi ya san wanda zai kai ranar da ƙafarsa.
Mata kuwa, ko dillali ya yi rantsuwa, a'a.
Ba a sayar da rijiya don a sayi guga.

Ba mu yi arziki ba.
An dai biya kuɗin makarantar Zulai,
an sauya langa-langa biyu a ɗakin Inna,
garke ya koma ashirin da ɗaya.

Jiya da dare, fitila na lumshewa,
ya turo mini littafin da ƙafa.
Juya shi ta baya, ya ce, inda babu lambobinka.
Rubuta: saiwar nan sunanta kaza,
ana haƙa ta kafin rana ta taɓa ƙasa.
Rubuta: in tururuwa ta hau da ƙwai, a matsar da turke.

Yanzu lissafi na tafiya daga gaba,
maganarsa na tahowa daga baya.
Na ƙirga fararen shafukan da ke tsakani.
Sha ɗaya.
Tarinsa kuwa ya fi na bara.